Sai Ta Faɗa da Bakinta

Shekarar da kuɗin Udoji suka sauka, Bilya ɗan yayana, wanda ke aikin gwamnati a Kaduna, ya zo Tafoki a kan sabon babur ya ce ya biya wa mutum uku kujerar Makka: babansa, innarsa, da ni gwaggonsa Barakatu. A lokacin kowa tafiya yake yi. Mai auduga ya sayar ya tafi, mai shanu ya rage garke ya tafi, su dawo da rediyo da agogo da haƙori mai walƙiya a baki. Ni kuwa tun da mijina ya rasu a Daudawa na dawo gidan Yaya da zama, ko Kano ban sa ran gani ba balle cikin jirgin sama. Ran nan na yi guɗa har muryata ta dishe.

Yayan nan nawa sunansa Almu. Amma in ka shiga Tafoki kana tambayar gidan Almu sai an yi ta kallon juna kafin a gane wanda kake nufi, don Malam kowa ke ce masa. Mahaifiyarmu Dada ce kaɗai ke kiran sunansa gatsau, ita kuwa ta daɗe a ƙasa. Matarsa Larai, tun ranar da aka kawo ta amarya daga Sabuwa tana 'yar siririyarta har ta yi furfura, sunan nan bai taɓa fita daga bakinta ba. Duk yaron da aka raɗa wa Almu a garin, a wurinta Mai Sunan Malam ne. Kai, ko kalmar almuru ba ta faɗa, saboda farkonta. Ni kuma ƙanwar miji ce, tsokanarta aikina ne. In muna tankaɗe da yamma sai in ce, "Matar Yaya, wai wane lokaci ne kaji ka shiga akurki?"

"Lokacin da kika sani," za ta ce, ko ɗago kai ba ta yi.

Shi ma gogan haka yake, don matarsa ce ta fari. In yana son ta sai ya tsaya bakin ɗaki ya yi gyaran murya ya ce, "Kina ji?" A waje kuma sai ya ce mutanen cikin gida, alhali mutum ɗaya yake nufi. Haka suka haifi 'ya'ya, suka aurar, suka binne waɗanda Allah ya karɓa, da "Kina ji?" da "Malam". Ban taɓa jin sun ɗaga wa juna murya ba, kuma ina son su ƙwarai, ko da yake ita ban taɓa gaya mata ba don kada kanta ya kumbura.

Kafin tafiya aka tara mu maniyyata a Kankara don bita. Wani Malam Mamuda, wanda ya je sau da dama, shi ya riƙa koya mana. Bayan ya gama da ɗawafi da safa da marwa sai ya koma kan halin ƙasar. Ya ce mutanen can ba su san wasa da doka ba. Ko allura ka gani a ƙasa kada ka ɗauka. Kada ka tsinki ganye a Harami. In an kira salla ka saki cinikin da kake yi ko da kayan na hannunka. Ƙulle-ƙullen magani da layu a bar su gida. In askar, wato ɗan sandansu, ya ce ka tsaya, ka tsaya, in ya ce ka wuce, ka wuce, bahasi ba naka ba ne. Ni rabin karatun gyangyaɗi na yi, don an yi zafi ran nan. Larai kuwa ta zauna a sahun gaba ta haɗiye shi kaf, ta dawo gida ta zazzage akwatina ta fitar da ƙullin maganin gwiwata.

"Sassaƙen marke ne fa, matar Yaya!"

"Ki yi ma askar wanga bayani in kin iya Larabci. Baƙi muke, Baraka. In ka shiga gidan mutane yadda suka ce haka za ka yi."

A Makka ta zame mini askar ta biyu. Na sunkuya zan ɗauki wani carbi da ya faɗi a hanya, ta make mini hannu a gaban Turkawa. Na tsaya musu da wani mai kanti da ya turo mu waje don an kira la'asar, ta ja ni da mayafi kamar akuya. Ita kuwa ko harararta askar ya yi sai ta ce masa na gode. Abin ya riƙa ba ni haushi, musamman da yake kullum ita ke da gaskiya.

Ranar da za a fita Mina muka yi wanka muka ɗaura niyya. Yaya ya sa haraminsa, kai ba hula, sanƙonsa na ta ƙyalli, ita kuma sai kawar da kai take yi kamar ta gan shi a makewayi. Muɗawwafinmu, Balaraben da ke riƙe da fasfunanmu yana kula da masaukinmu, ya aiko cewa motoci za su tashi da an idar da azahar, wanda bai zo ba ya san yadda zai yi. Gobe ne tsayuwar Arfa, kuma Malam Mamuda ya sha gaya mana cewa wanda ya rasa Arfa ya rasa hajji ɗungurungum. Yaya ya ce mu je Masallaci mu ga ɗakin Allah da hantsi mu dawo da wuri.

Da muka fito sai aka nemi takalman Larai aka rasa. 'Yan silifa ne na roba da Bilya ya sayo mata. A bakin ƙofar kuwa takalma ne jibge, tuli guda, wasu ma da gani masu su sun daɗe da barin su.

"Zura wasu mu tahi," na ce. "Wani ya ɗauki naki, ki ɗauki na wani, an yi musaya."

"A ƙasag ga? Allah shi kiyashe ni."

"To ki taka dutsen ga da ƙahwa ki ji. Ya ɗau zahi."

Ta ce tana jin a ƙofar da ke gaba ta ajiye su, mu tsaya nan yanzu za ta dawo. Yaya ya buɗe baki zai hana ta, amma kafin ya gama gyaran muryarsa wani ayari na mutanen Indunusiya, riƙe da juna kamar jerin gwano, ya ratsa tsakaninmu. Da suka wuce babu Larai.

Ƙofofin Masallacin nan duk kamarsu ɗaya. Muka bi su ɗaya bayan ɗaya, muka koma masauki, muka sake dawowa. Kowace mace fari ta sa, kowace ta baya Larai ce sai ta juyo. Ni ina tafe ina kwarma, "Larai! Larai ta Tafoki!" har wasu Larai biyu 'yan Zariya suka amsa. Yaya yana bayana, idonsa ya yi ja, leɓɓansa na motsi amma babu abin da ke fita. Wani wuri na ji ya ɗaga murya cikin taron nan ya ce, "Kina ji?" Na juya zan yi masa dariya, sai na ga fuskarsa, dariyar ta koma ciki.

Wata Bahausa mai sayar da waina a bakin hanya ce ta nuna mana wani ofis da ake tara waɗanda suka ɓata. Ɗaki ne mai faɗi da fanka a sama, an raba shi da labule, maza gefe mata gefe. Muna leƙawa na hango ta zaune a kan tabarma tsakanin wata tsohuwar Ba'indiya da wata mai kuka da wani yare, ta naɗe ƙafafunta da suka yi jawur. Na yi kanta da gudu na rungume ta ina zaginta ina kuka. Ta ce mini, "Kina cikin harami, Baraka, ki iya bakinki."

Na kamo hannunta za mu fita sai aka buga tebur. Wani askar ne saurayi, bai fi sa'an Bilya ba, da ɗan gemu da sanda a gefensa, fuskar nan babu alamar ya taɓa dariya. Kusa da shi wani dattijo baƙi yana tsaye, shi ne tafinta. Da ya yi magana na ji harshen gida. Malam Mani sunansa, mutumin wajen Sabuwa ne, da ƙafa ya zo tun yana saurayi bai koma ba.

Malam Mani ya ce a nan ba a sakin mace haka kawai. Sai muharraminta ya zo, ya faɗi sunansa a asirce, ita kuma ta faɗa da bakinta, in sun dace a ba shi ita. Wai an taɓa miƙa wata ga mutumin da ba nata ba, shi ya sa suka tsananta. Askar ya ja Yaya gefe, Yaya ya raɗa wa Malam Mani, Malam Mani ya raɗa wa askar. Sannan dattijon ya juyo gare ni, don da gani ya san irina.

"Hajiya, ki kame bakinki. In sunan ga ya hito daga gare ki, cewa zai yi kun haɗa baki, shi kenan kin ɓata komi."

Askar ya nuna Yaya da sanda ya dubi Larai ya yi tambayarsa. Malam Mani ya ce, "Yana tambaya, wane ne wanga?"

"Malam ne," in ji Larai, idonta a ƙasa.

"Mi ne ne sunanshi?"

"Baban yaran ne. Wan wagga ne, uwa ɗaya uba ɗaya."

"Suna yaka so, Hajiya."

Ta murza bakin mayafi. Can ta ce, "Sunansu ɗaya da na mai gyaran keke na kasuwar Daudawa."

Na ga gemun Malam Mani yana rawa, amma ya daure ya juya ya yi wa askar dogon bayani da Larabci, yana nuna ta yana nuna Yaya yana dafa ƙirji. Na san al'adarmu yake kwance masa. Askar ya saurara har ƙarshe, ba zan yi masa ƙarya ba, bai katse shi ba. Sannan ya girgiza kai ya yi 'yar gajeriyar magana.

"Mi ya ce?" na tambaya.

Malam Mani ya ce, "Ya ce a wurinsu mace na kiran mijinta da sunanshi, ba abin kunya ba ne. Ya ce matar da ba ta san sunan mutum ba, shi ba zai iya rantsuwa matarshi ce ba."

Larai ta ɗago kai a karon farko. "Ni ce ban san sunanshi ba?"

"To ki hwaɗa mana, Hajiya."

Ta buɗe baki. Na ga harshenta ya taɓa dasashi, na ga wuyanta ya motsa. Sai ta rufe fuska da mayafi.

Nan raina ya ɓaci. Na manta da harami, na manta da Malam Mamuda, na tsaya gaban teburin na riƙe ƙugu na fara sauke wa yaron nan kwandon magana da Hausa: cewa matar nan ta haifi wanda ya girme shi, cewa ya dubi ƙafafunta, don gudun taɓa kayan ƙasarsu ta ƙone su. Hannunsa ya tafi kan sanda. Larai ta fizgo zanena da ƙarfin da ban san tana da shi ba.

"Zauna, Baraka. Yaron ga aikinshi yaka yi. Dokarsu ce, kuma don tsaron irina aka yi ta. Laihin ba nashi ba ne, bakina ne ya ƙiya."

Na tambayi Malam Mani abin da zai faru in ba ta faɗa ba. Ya ce sai dai a jira wakilin muɗawwafi ya kawo fasfo, su kuwa duk sun yi gaba Mina da kaya, da wuya a ga ƙeyar wani kafin a sauko daga Arfa. Kuma da an kira azahar askar zai rufe ofis ya tafi salla. Ya leƙa waje ya dubi inuwa.

Larai ta share ido ta yi magana tana kallon bango, yadda ta saba in da Yaya take. "A tahi da Baraka kada motoci su tashi. Ni Allah bai nuhe ni da bana ba."

Wallahi da gaske take. Matar da ta shekara tana ƙirga watanni, ta ɗinka farin mayafinta da hannunta, ta bi gida gida a Tafoki tana neman gafara, ta yarda ta zauna a ɗakin nan ranar Arfa da dai ta dubi mijinta ta kira sunansa. Na rasa ko in mare ta ko in goya ta.

Yaya kuwa tun da muka shigo yana tsaye ne bakin labule, ya harɗe hannu a kan haraminsa. Sai ya tako a hankali, ya wuce iyakar da aka yi wa maza, askar ya ɗaga sanda, Malam Mani ya dafa hannunsa. Yaya ya durƙusa a bakin tabarmar, gwiwoyinsa suka yi ƙara. Ya yi gyaran murya, na ce a raina yanzu za mu ji "Kina ji?" Ya sake yin gyaran murya. Gumi na bin sanƙonsa.

"Larai," ya ce.

Ta zabura kamar an ɗiga mata ruwan zafi.

"Larai. Ga shi na riga ki, kunyar ta zama tawa. Ba ni hawa Arfa in bar ki nan, kin sani. Ki hwaɗa ma yaron ga mu tahi."

Sunan ma bai zauna daidai a bakinsa ba, kamar mai taunar abin da bai saba ci ba. Ni da nake ƙanwarsa sai da na sunkuyar da kai. Tsohuwar Ba'indiyar nan ba ta jin ko kalma ɗaya, amma ta kama hannun Larai ta riƙe.

Larai ta sauke mayafin daga fuskarta. Ba ta dubi askar ba, ba ta dubi tafinta ba. Shi ta duba, ido cikin ido, abin da ban taɓa gani ba a zamana da su.

"Almu," ta ce, can ƙasa.

Askar ya karkato kunne ya yi alamar bai ji ba. Na ce yau ga ɗan banzan yaro, amma a zuci na faɗa.

"Almu," ta sake cewa, yanzu kowa ya ji. "Almu ɗan Dada. Mijina ne."

Yaya ya sa gefen haraminsa ya rufe ido, kafaɗunsa na girgiza. Askar ya dubi Malam Mani, Malam Mani ya gyaɗa kai, shi ma yana jan hanci. Sai yaron nan ya miƙe, ya shiga bayan labule, ya fito da wasu silifa sababbi ya ajiye a gaban Larai, ya yi magana yana kallon gefe. Malam Mani ya ce, "Ya ce na ohis ne, don irin haka aka aje su, halal ne ki sa. Ya ce ki yahe mashi, Hajiya." Ta tambaya har sau biyu ko ya tabbata ba na kowa ba ne, sannan ta zura. Muna fita ladan ya ɗaga murya.

Mun sami motar tana shirin tashi, mutanen Faskari suna ta yi wa direba magiya ya ƙara jira. Har muka isa Mina babu wanda ya dubi wani a cikinsu. Da aka sauka ya miƙo mata butar ruwa ya ce, "Kina ji?" ta ce, "Na'am, Malam," kamar babu abin da ya faru. Ni kuwa na ƙulla abina a rai. Na ce bari dai a sauke harami, matar nan ta shiga uku da ni, daga nan har Tafoki sai ta gaya mini lokacin da kaji ke shiga akurki.

Washegari a Arfa, bayan la'asar, mata muka fito daga tanti muka fuskanci alƙibla, kowa ya ɗaga hannu yana kai kukansa. Ina gefenta, kafaɗa na gugar kafaɗa. Na ji ta bi 'ya'yanta da jikoki, ta bi iyayenta da ke kwance a Sabuwa, har ni ta sa, ta roƙa mini sanyin zuciya da sauƙin baki. Sai ta ɗan saci kallona. Na runtse ido na ci gaba da motsa leɓe.

"Ya Allah, ga Almu," ta ce a hankali. "Ka gafarta ma Almu. Ka ƙara ma Almu lahiya. In za ka ɗauke mu ka riga ɗaukata, don ban iya zaman gidan ga ba Almu."

Ta yi ta maimaita shi, ba ta gajiya, har rana ta yi ja. Da muka shafa ta juyo tana share fuska ta ce, "Baraka, kin ji wani abu?"

Na ce, "Mi zan ji cikin hayaniyag ga? Tashi mu naɗe tabarma."